Baƙin Tukunya a Goshin Isyo

A wani ƙauyen masunta da ke kudancin tsibirin Marinduque, wasan Habila da Ƙabila gadon gidan su Isyo ne. Duk shekara a makon Ista, Isyo ne Ƙabila, ƙanensa Crisanto kuma Habila. Da baitoci ake yin wasan. Tsoho Tiburcio kan tsuguna bayan labule yana karantowa, su suna maimaitawa. In an yi kisan, sai a shafa wa Ƙabila baƙin tukunya a goshi. Shi ba ya gogewa. Habila ne zai tashi bayan tafi, ya goge masa da babban yatsa a gaban kowa, sannan a watse.

Bara da damina teku ta ci Crisanto. Tare suka fita, Isyo kaɗai ya dawo. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Bana sai aka ɗauko Nonoy, wani wanzami daga cikin gari, ya zama Habila.

"Yaya Ƙabila, a hankali da sandar nan," in ji Nonoy. "Kawunan mutane nake askewa, nawa ɗaya ne tak."

"Kwanta ka mutu, sarkin surutu," in ji Tiburcio daga bayan labule.

Aka yi kisan da rana tsaka. Tiburcio ya ɗaga murya: "Ƙasa ta sha, ta ƙi haɗiyewa. A ina ka baro ƙanenka?"

Isyo ya ba da amsa daidai, kamar kowace shekara. Aka shafa masa baƙin, aka tafa.

Nonoy bai san ƙa'idar ba. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya nufi wajen mai soya ayaba. Isyo ya tsaya a kan dandamali, hannuwa a sake. Jama'a suka ƙi tashi, ba kuma wanda ya kira Nonoy.

Mahaifiyar Isyo, Pacing, ta hau matakala a hankali, riƙe da bakin zanenta.

"Inna, ba aikinki ba ne."

"Na sani."

Ta ɗaga hannu, sai ta tsaya.

"Wa ya goge maka?"

Tsakiyar baƙin a share take, faɗin yatsa guda, daga hagu zuwa dama. Haka Crisanto yake yi, don bahago ne. Wurin a jiƙe.

"Gumi ne," in ji Tiburcio. "Ku dubi ranar nan."

Ɗigo ɗaya ya gangaro bakin Isyo. Gishiri ne, mai sanyi, irin na ruwan teku.

Jama'a suka fara ɗaukar kujerunsu.