Shagon Takalman Hagu

Shekara ashirin da biyu Kawu ya yi yana gyaran takalma a bakin babbar ƙofar rukunin shagunan da ke tsakiyar gari. Shagon nasa bai fi taku huɗu ba, amma duk mai shigowa sai warin gam da ƙarar guduma sun tarbe shi kafin ya ga komai. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shi ya samo mini aikin shara da goge gilasai a ginin, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Da ginin ya sauya hannu, sababbin masu shi suka turo wata matashiya da ta karanci tsara gine-gine, muka sa mata Injiniya. Kwana uku tana zagaye da tef ɗin awo da kwamfuta a hammata. Ran na huɗu aka fara jujjuya mutane kamar kayan gwanjo. Mai agogo ya koma hawa na biyu, masu waya suka mamaye ƙasa, mai labule ya yi zuciya ya kwashe kayansa ya bar ginin. Inda Kawu yake kuwa, tukunyar fure aka ce za a ajiye.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Injiniya. "Ƙofa ita ce fuskar gini."

"To, 'yata, ni ƙurji ne ke nan?"

Ta rantse ba haka take nufi ba, amma dai da yamma Kawu da kekensa na ɗinki suka tare a ƙarƙashin matakalar baya, kusa da ɗakin da nake ajiye tsintsiya. Lungu ne da ko ƙuda sai ya ɓata hanya yake biyowa.

Shagon da mai labule ya bari yana kallon Kawu, fayau ba kowa. Injiniya ta ce shago ba haya kamar giɓi ne a baki, yana korar masu saye. Sai ta sa aka bugo wani ƙaton hoto aka manna a gilashin tun daga sama har ƙasa. Hoton shagon takalma ne: kantoci, fitilu, jan kafet, kujerar gwaji, har da ƙofa mai mariƙin zinare. In ka tsaya daga nesa, za ka rantse kana jin sanyin na'ura daga ciki.

Aikina ne ya fara ƙaruwa. Kullum sai na goge shaidar goshi biyar ko shida a kan wannan ƙofa ta ƙarya. Wata mata har ƙwanƙwasawa ta yi tana cewa ta ga mutum a ciki, raini ne kawai.

Ana nan sai ga wani direban motar kaya da ke kawo wa masu waya kwalaye. Dogo ake ce masa, kuma sunan bai cuce shi ba. Ƙafarsa kamar faranti biyu aka haɗa, silifa ne a ƙafar, dugadugansa suna share ƙasa. Ya tsaya gaban hoton ya ƙura wa wasu takalma ruwan ƙasa ido. Su ne a gaba, kuma hoton ya kumbura su, kowanne ya kai tsawon hannu.

"Baba, ƙarfe nawa suke buɗewa?"

Kawu, da haushin lungun bai sake shi ba, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ni ma tun da na zo ban ga sun yi mini sannu ba."

Washegari Dogo ya dawo, jibi ma ya dawo. Sai ya jingina da bango yana kallon takalman kamar mai zance. Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah ka gaya wa bawan Allahn nan gaskiya."

"Ni na manna? Wanda ya haƙa rami shi zai sa masa murfi."

Ran na huɗu Dogo ya zauna a bencin Kawu ya yi ajiyar zuciya. Ya ce 'yarsa ta fari za ta gama makarantar jinya nan da sati biyu, an ce iyaye su hau dandamali a ɗauki hoto. Tun yana ɗan shekara sha biyar rabonsa da takalmi sau ciki, duk kasuwar da ya shiga dariya ake yi masa. Sai yanzu ya ga shagon da ya tuna da irinsu.

Kawu ya ajiye guduma. Ya tashi ya kamo hannun Dogo, ya kai shi kan mariƙin zinaren ya shafa. Sumul, ba abin kamawa. Dogo ya sake shafawa da kansa, ya sa farce ya ɗan ɓantari gefen takardar, ya leƙa. Ba komai a ciki sai ƙura da tsohuwar sandar labule. Wallahi na ɗauka kuka zai yi.

"Zauna," in ji Kawu. "Cire wannan abin kunyar."

Kwali biyu aka haɗa kafin a zana ƙafar. Dogo ya ce shi dai irin na hoton yake so, sak, kada a rage komai. Kawu ya sa tabarau, ya ja kujera gaban gilashin yana kwafar ɗinkin. Can sai na ga ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya tuntsire da dariya.

"Dogo, in na yi maka sak, sai dai ka wuni kana kewaya wuri ɗaya. Duka biyun na hagu ne!"

Dariyar ce ta janyo Manaja, mai kula da ginin, ya zo yana huci, wai Kawu yana tare wa shago gaba. Kawu ya tambaye shi wane shago. Manaja ya kira Injiniya a waya. Da ta iso, Kawu ya bi kantocin da tsinin almakashi, layi bayan layi. Na mata, na yara, na 'yan ƙwallo, babu na dama ko ɗaya. Wani ma hudar igiyarsa biyar ce a gefe guda, bakwai a ɗaya gefen.

Injiniya ta rufe baki da hannu. "Kwamfuta ce ta haɗa hoton, Baba. Sau goma na duba shi."

"Fitilun kika duba, 'yata. Kuma sun yi kyau."

Kafin la'asar labari ya zaga hawa uku. Masu waya suka bar kantocinsu suka zo gani, suka ɗauka a waya suka watsa. Cikin kwana biyu lungun da ƙuda ba ya bi ya zama sai ka ce hanyar tasha. Mutane suna zuwa takanas su tsaya da ƙafa ɗaya a yi musu hoto. In sun gama dariya sai su juyo su ga Kawu, wani ya tuna diddigen takalminsa ya cinye, wata ta ce, "Baba, na layi na biyu, jan nan, za ka iya? Amma da na dama." Manaja ya so a yage hoton, masu shagunan da kansu suka ce in ya taɓa shi sai dai ya haɗa da su.

Takalmin Dogo ya ci fata ɗaya da rabi da kwana tara. Ranar gwaji ya zura ƙafa ya miƙe, ya taka har bakin matakala ya dawo, takalmin yana ƙiiƙ-ƙiiƙ a kan tayil, shi kuma yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Ya rungume Kawu har sai da tabarau ya faɗi.

Bayan wata guda mai katifa ya kama shagon, aka ɓare hoton. Ba a mayar da Kawu bakin ƙofa ba, amma Injiniya ta sa aka jawo masa fitila da fanka, aka kafa allo mai kibiya da ke nuna lungun Kawu a gindin tukunyar furen. Yanzu kafin ta manna komai a ginin sai ta biyo ta lungun ta ce, "Baba, duba mini."

Dogo ya dawo da matarsa, ta nuna mana hoton taron a wayarta. Ga 'yar cikin farar riga, ga uwar, ga Dogo a tsakiya ya wage baki, safa kawai a ƙafarsa, takalman a rungume a ƙirji.

Kawu ya haɗe rai. "Matse ka ya yi?"

"Ko kaɗan, Baba," in ji matar. "Kan hanya aka yi yayyafi, ya ce shi ba zai taka laka da su ba. Muka shiga zauren kuma ya ce ƙarar za ta hana mutane jin sunan 'yarsa."