Maza Goma don Chinecherem

"Mu tara ne, Iya," in ji Kashim mai shayi. "Tara ma ai mutane ne."

"Goma ya ce mini!" Iya Ramlat ta doka sandarta a ƙasa. "Don ban yi boko ba sai ka ce ban iya ƙirga ba?"

Gawar Chinecherem na kwance a zauren gidan da yake haya a unguwar Yerimaram, an lulluɓe ta da farin mayafin da yake ibada da shi. Ibo ne mai gyaran rediyo, amma ba ya zuwa coci. Addinin Yahudawa yake bi, shi kaɗai a unguwar. Shekara ashirin Iya tana jin sa ta bayan katanga. Addu'o'insu yake ɗorawa a kan gurmi, wata rana jita, wata rana kiɗan ƙabilar Ngizim, har ta daina gane inda addu'a ta ƙare waƙa ta fara. A ciwon ajalinsa ya gaya mata su ba sa yi wa mamaci addu'a sai maza goma sun tsaya. Bai ce waɗanne maza ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Motar da za ta kai shi kudu tana bakin ƙofa, direba sai danna hon yake.

Iya ta nufi Mallam Idrisu, maƙwabcinsu, da ke zaune a gindin darbejiya.

"Mallam, tashi."

"Haba Iya, ba addininmu ba ne. In tsaya in ce me?"

"Wa ya ce ka buɗe baki? Ranar sunan 'yarka wa ya kaɗa gurmi har yatsunsa suka fashe? Ya tambayi addininka? Tsayuwa kawai na roƙa, ita ma ta gagare ka? Kaico!"

Mallam ya miƙe. Ya laluɓo takalmansa.

Suka jeru a zauren su goma cif. Dung, ɗaya daga cikinsu mai waƙa a coci, ya kunna wata waƙar marigayin a wayarsa, don babu wanda ya san addu'ar. Muryar ta taso a hankali, da harshen da ba mai ji, ta bi rufin kwano tana shawagi kamar hayaƙin turare. Iya ta lumshe ido, fushinta ya huce.

Da ta buɗe, Mallam Idrisu na tsaye ƙiƙam, fuska a ɗaure, amma babban yatsan ƙafarsa yana bin gurmin a hankali.