Jan Ƙyallen Yaya Pil-nyeo

Mu goma ne cif a tsibirinmu, ƙaraminmu Gap-su, shekararsa sittin da takwas. Dutse ɗaya ne da gonakin tafarnuwa a gindinsa, sai gidaje arba'in, talatin a ciki ciyawa ta cinye. Jirgin ruwa daga birnin Mokpo yana kawo mana shinkafa da magani sau biyu a mako. An riga an gaya mana, ranar da muka koma tara jirgi ya daina zuwa.

Ni ce mai unguwa, don kowa ya ƙi. Ni kuma na kawo dabarar ƙyalle: duk wanda ya wayi gari da rai ya rataya jan ƙyalle a ƙofarsa, in tsaya a bakin ruwa in ƙirga. Dabarar ta hutar da gwiwoyina, har yabon kaina nake yi.

Ranar da ma'aikacin ƙidaya zai zo, na ƙirga har da nawa, tara. Na sake, tara. Ƙofar Yaya Pil-nyeo, can saman dutse, wayam. Shekararta casa'in da ɗaya. Ga jirgin da ya ɗauko ma'aikacin ya riga ya ɓullo.

Gap-su ya matso kusa da ni. "Ki hau ki rataya mata kawai. Mutumin ya hango daga nan ya rubuta goma. Jana'iza sai gobe."

"Rufe min baki, tsohon banza."

Na zage shi, amma na biya gida na ɗauko wani jan ƙyalle da ya rage mini na cusa a aljihu.

Na hau ina haki. Takalman robarta suna nan a bakin ƙofa, a jere. Na kira, shiru. Jirgi ya busa ƙaho a ƙasa. Na ja ƙofar.

Tana zaune daram a tsakar ɗaki, ta taje kai, ga shayin sha'ir kofi biyu a kan ɗan tebur.

"Yaya, kin kusa kashe ni. Ina ƙyallenki?"

"Yana ƙarƙashina, a kansa nake zaune," ta ce. "Da kullum kina hawowa ki duba ko na mutu, mu sha shayi. Wata bakwai ke nan tsumma kike gaisarwa."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa zan ɗauki kofin, sai na ga idonta a kan aljihuna, inda bakin jan ƙyallen ya leƙo.

"Wannan kuma," ta ce a hankali, "a ƙofar wa za ki rataya shi?"