Ramin da Kwaɗi Suka Ƙi

"Miƙo min ruwan randata," in ji Hayatu, yana ture kofin da 'yarsa Hamida ta kai masa baki. "Wannan na foraj ne, na famfon burtsatse. Warin ƙarfe yake yi."

Hamida ta juya ta dubi Salmanu, maƙwabcinsu, wanda ya tsaya bakin ƙofa rungume da buhu.

"Jam na, Dokta?" in ji Salmanu, yana gaishe shi da Fulatanci.

"Jam, Sarkin Kwaɗi. Yau kuma me ka tsinto?"

Shekara arba'in katanga ɗaya ta raba su, a wani ƙauye kan hanyar Rey Bouba. Salmanu mutum ne mai tsince-tsince. A ɗakinsa akwai ƙwan zabuwa mai siffar gyaɗa, da dutsen da ke kama allura. Shi kuwa Hayatu mahauci ne, ba likita ba. Zamanin yaƙi da kurkunu aka ba shi shuɗiyar hula da ƙyallen tace ruwa, aka koya masa aiki. Sai ya cika kwalba, ya ɗaga ta ga rana. In ya ga wani abu na motsi a ciki, ya kafa sanda da jan ƙyalle a bakin tafkin, ba mai ƙara ɗiba. Da haka kurkunu ya bar garin, sunan Dokta ya zauna masa.

Da masu haƙar zinariya suka tashi, shekara bakwai ke nan, sun bar rami bayan gari, damina ta cika shi. Ruwan garau, har kana hango duwatsun ƙasa. Hayatu ya ɗaga kwalbarsa, ya ce bai taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Foraj yana can bayan lakwal, makarantar boko, ga nisa ga layi. Unguwa duka ta koma ramin.

Yanzu ƙafafunsa sun kumbura kamar gora, hannu na rawa, fitsari sai ɗigo. A lopital na Garoua an ce ƙoda ce, duka biyun, aka sallamo shi gida. Madam Angèle, infirmiyar garin mai jinyar marasa lafiya, ta aika da ruwan ramin aka auna. Takarda ta dawo: akwai dalma, akwai zaibar da masu haƙa suke kama zinariya da ita. Ta karanta a ƙofar jauro, mai garin, da Faransanci, ta maimaita da Fulatanci. Mata suka saurara har ƙarshe, sannan suka ce, "To, Baba Hayatu me ya ce?"

Abin da ya ce shi ne, "Na tace, na tafasa. Takarda ba ta shan ruwa."

Saboda haka har yau bidon-bidon, jarkokin ɗiban ruwa, suna zuwa ramin. Ita kanta Hamida, da cikinta na wata shida, in layin foraj ya gajiyar da ita, randar babanta mai ruwan ramin take buɗewa. Wannan ne ya hana Salmanu sakat.

Ya zauna gefen tabarma, ya fiddo kwalabe biyu daga buhu.

"Aikinka na kawo maka. Ɗaga ka gani."

Hayatu ya karɓi ta farko, Hamida ta tallafe masa gwiwar hannu zuwa hasken taga. Ruwan ya yi duhu-duhu, 'ya'yan kwaɗi biyar suna ta wutsil-wutsil.

"Kai, ƙazanta! Na mayo ne wannan, ruwan rafi. Ko jakina ba zan ba."

"Na mayo ne. Ga ɗayar."

Ta biyun garau take. Hayatu ya yi murmushi, ya san ruwansa, na ramin ne. Sai murmushin ya tsaya. A ƙasan kwalbar akwai baƙaƙen abubuwa biyar a kwance, sun fara fari.

"Uwarsu ɗaya," in ji Salmanu. "Ranar Laraba na kwaso su goma, na raba biyu. Waɗannan ba su kai Juma'a ba."

"Yunwa ce ta kashe su."

"Gansakuka ɗaya na sa musu."

"To zafi."

"Inuwa ɗaya, Dokta. Ƙarƙashin gadona. Matata Rukayya har ta ce ko su ko ita." Ya gyara zama. "Shekara bakwai ina zuwa ramin nan da damina, ban taɓa jin kukan kwaɗo ba. Mazari ma ba ya sauka. Ni daɗin shirun nake ji, nakan zauna in yi ta kallo. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Kai ka ce ruwan da ba abin da ke motsi a cikinsa shi ne mai kyau. To, me ya hana su motsin?"

Hayatu ya girgiza kwalbar, gawarwakin suka tashi suka sake kwanciya.

"Angèle ta ce tafasawa ba ta fid da dafin?"

"Ta ce ruwan ne ke tafiya da tururi, Baba," in ji Hamida. "Shi yana nan zaune. Kuma ƙyalle ba ya tare shi."

Ya daɗe yana kallon cikinta.

"Sau nawa kika sha a makon nan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Buɗe akwatin can," ya ce. "Ƙarƙashin hular."

Jan ƙyallen ya koɗe, asu ya ci gefe ɗaya. Salmanu ya ce shi zai je ya kafa.

"Kai? Wa zai bi tutar mai kiwon kwaɗi? Kira min Rostand mai turin kaya da pus-pus ɗinsa."

Bayan la'asar aka shimfiɗa katifa a kan pus-pus, kurar turawa, aka ɗora Hayatu, shuɗiyar hula a kansa. Rostand yana turawa, Salmanu yana riƙe da lema. Sun tarar da mata wajen takwas a bakin ramin, wasu sun riga sun cika. Hannun Hayatu ya kasa ɗaurin, sai da ya kama bakin ƙyallen da haƙori. Rostand ya buga sandar da dutse.

"Ni na ce ku sha," in ji Hayatu. Muryar ba ta da ƙarfi, sai da suka matso. "Kuskure na yi. Ku yafe ni. Ku zubar."

"Baba, har wanda muka tace?" in ji Yelwa mai ƙosai.

"Har shi. Ni ba tacewa na yi ba? Dube ni."

Yelwa ta kalli ƙafafunsa. Ta kwance murfin bidonta, ta karkata shi. Sauran suka bi.

A hanyar dawowa ya ce da Salmanu, "Randar nan a fasa ta. Ta sha da yawa."

"Kai ma ka sha da yawa, ba mu fasa ka ba."

Hayatu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan ya kurɓi ruwan foraj sau biyu ya yamutsa fuska. Da ruwan foraj ɗin aka yi masa wanka. Layin ya yi tsawo a ranar, amma da aka ji na wane ne, kowa ya janye bidonsa.

Bayan sadakar uku, Salmanu ya ɗauki kwalbar farko ya gangara mayo. Ta bakin ramin ya bi. Ba kowa, sai jan ƙyallen da inuwarsa a cikin ruwa, ba abin da ke motsa ta. A bakin mayo ya tsuguna, ya ɗaga kwalbar ga rana kamar yadda Hayatu yake yi. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya fid da ƙafafun baya, ƙanana kamar zare. Ya karkata kwalbar a hankali, ya jira har na ƙarshe ya fita.