Kunnuwan Motar Alhaji Laminu

Shekara talatin da huɗu Ya'akubu ya yi yana bugun bodin mota a Mubi, kuma bai taɓa ɗora tef a jikin ƙarfe ba. Ido ne ma'auninsa. Sai ya ja da baya taku bakwai, ya rufe ido ɗaya, ya ce nan ne, kuma nan ɗin ne. Da idon nan ya ciyar da gida, da shi kuma yake cika baki har abokan sana'a suka gaji da ji.

Ana nan sai Alhaji Laminu ya kawo masa aiki. Alhaji ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Borno suka zo, mutum mai fara'a, ga jiki masha Allah. Wata tsohuwar mota ja ya gada a wajen mahaifinsa, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya har cikinta na neman shafar ƙasa. Ya sa mata faffaɗan tayoyi, sai suka leƙo waje kamar yatsu a tsohon takalmi. Yana so a ƙara wa ƙarfen saman kowace taya baki mai faɗi ya rufe ta, abin da Ya'akubu ke kira kunne.

"Baban Tina, na gaba kada ya fi na baya," in ji Alhaji, yana kiran Ya'akubu da sunan 'yarsa. "Ina so in motan nan ya wuce, mutane su juya."

"Za su juya, Alhaji."

Sati biyu Ya'akubu yana yanka, yana lanƙwasa, yana walda, yana gogewa. Kunnuwan gaba ya ba su yatsa uku, na baya huɗu, don motar ta zauna daram. Da fenti ya bushe ya ja taku bakwai ya duba, sai da ya yi wa kansa tafi.

Mutane kuwa sun juya. Kwana uku Alhaji ya dawo, ya fito da ƙyar, ya miƙa masa waya.

"Dariya ake mini a kasuwa. Wai motana ya kanne ido ɗaya. Duba hoto, Afrah ne ya ɗauka daga baya, ina fita gida."

Ya'akubu ya duba hoton da 'yar Alhajin ta ɗauka. Ba musu, kunnen hagu ya sauko ya kusa cin taya, na dama yana sama abinsa. Ya ɗago ya dubi motar da ke tsaye a gabansa, ya ga komai daidai. Ya sake duban hoto, a karkace. Waya ba ta tsufa, shi ne ya tsufa. Ashe idon ya fara yi masa ƙarya, kuma wa ya san motoci nawa ya sallama a haka, masu su na jin nauyin gaya masa? Tsoro ya kama shi sosai, har ya fara tunanin gonar gidansu a Mugulbu da fartanyar da ya manta yadda ake riƙe ta.

"A bar mini ita zuwa jibi," ya faɗa a sanyaye.

Daidai lokacin matarsa Susana ta iso da kular abincin rana. Tela ce, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Ta gaida Alhaji, ta tsaya gefe. Alhaji ya koma cikin motar don ya kwashe takardunsa. Yana zama motar ta yi ƙara, ta durƙusa ta hagu. Yana fitowa ta miƙe.

"Alhaji, don Allah sake zama," in ji Susana.

Ya zauna, ta durƙusa. Ya fito, ta miƙe. Susana ta ajiye kula tana dariya har da riƙe ciki.

"Baban Tina, kai ka auna riga a jikin ƙusa! Ina ka taɓa gani na yi wa mutum ɗinki ba shi a ciki?"

Ya'akubu ya ja taku bakwai, ya ce a sake. Alhaji ya shiga ya fita sau huɗu, yana haki yana dariya. Sifirin motar, ƙarfen da ke ɗauke nauyinta, ya kusa shekara hamsin ya saki, irinsa kuwa ko a Yola ba a samu, ga shi mai ita ba ƙaramin mutum ba ne. Shi kuma Ya'akubu kujera wayam ya yi wa aiki.

Washegari aka kawo buhun masara daga Vimtim aka ɗora a kujerar direba. Motar ta ɗan sauko, amma ba ta kai ba. Aka ƙara tiya goma, har yanzu da saura. Ya'akubu ya ce shi ba zai yi aiki da kame-kame ba, a kira mai jikin. Haka Alhaji Laminu ya bar shagonsa ya zo ya zauna a mota awa uku cur, yana cin gyaɗa yana amsa waya, Ya'akubu na zagaya shi da alli. Kunnen hagu ya ɗaga shi yatsa ɗaya da rabi, ya bi da lanƙwasar a hankali yadda ko an faka motar ba mai lura sai wanda aka gaya wa.

Ranar karɓa Alhaji ya tuƙa ta zuwa bakin mayo, wato kogi, ya juyo. Ya'akubu na tsaye tsakiyar hanya yana kallonta tana tahowa, hagu da dama kamar an aza su a sikeli. Murna ta cika shi har hawaye suka taru, ya sa gefen riga ya share.

"Yaya, Baban Tina, wani abu ya shiga maka ido?" Alhaji ya tambaya ta taga.

"Babu abin da ya same shi, Alhaji," in ji Ya'akubu. "Lafiyansa ƙalau. Kai dai don Allah kada ka rame."