Jar Dusa

Ruwan da ke cikin kwamin shanu ya yi ja kamar an wanke wuƙar yanka a ciki. Laure ta daɗe tsugune tana kallonsa. Da ta tsoma hannu ta damƙo dusar, sai ga ɓarzajjen irin masara, wanda ake shafa wa jan magani don ƙwari, an niƙe shi tare da dusa. A bayanta, saniya ta uku tana shure-shure, kumfa na fita ta bakinta.

Ba waɗanda suka mutu ne suka hana ta sukuni ba. Ƙaninta Muntaka ya sayi irin wannan dusar a wurin Alhaji Shitu, ya ɗora wa takarkari, ya yi kudu da garken gidansu neman ciyawa, don ya riƙa ba masu shayarwa idan bazara ta yi tsanani. Ba wanda ya san dajin da ya sauka. Abu ɗaya kowa ya sani, rediyonsa ba ta barin kafaɗarsa.

Shi ya sa da aka ce ɗan jarida ya zo Ruwan Bago daga gidan rediyo, Laure ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Malam, don girman Allah ka faɗa musu. Ka ce jar dusa, ka ce kada a ba dabba. Ko sunan kowa ba sai ka kama ba."

"Na ji, Laure," in ji Halliru, yana gyara rawani. "Ni yaro ne?"

A ƙofar gidan mai unguwa aka shimfiɗa tabarmi. Laure ta laɓe bayan zana tare da sauran mata, tana leƙe. Ɗan jaridar, wani saurayi mai suna Lukumanu, ya ajiye rikoda yana ta duban rana, don motar Karaye ba ta jira. Kusa da mai unguwa kuwa, wa za ta gani? Alhaji Shitu ne, da carbi a hannu, ya zo jaje.

"Baba, ina gajiya? Yaya dukiya?" in ji Lukumanu, yana duban Halliru.

"Lafiya lau, sai godiya."

"An ce kun yi asara. Shanu nawa suka mutu?"

Halliru ya sunkuyar da kai. Tun kakanninsa ba a ƙirga shanu a bainar jama'a, rayayyu ko matattu, kuma namiji ba ya kuka da rashi a gaban baƙo.

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ya bayar, shi ya karɓa."

"To, ana cewa dusa ce."

Halliru ya saci kallon Alhaji Shitu, mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci tun suna samari. Ana barin halas ko don kunya.

"Allah ne masani, ɗana. Ni ban ga kowa ya zuba komai ba."

Laure ta buɗe baki, Goggo, dattijuwar gidansu, ta danne mata hannu. "Ke! Gaban maza?" Kafin ta fizge, Lukumanu ya danna rikoda, ya yi godiya, ya miƙe.

Ranar Laraba bayan la'asar aka sa shirin manoma da makiyaya. Maƙwabta suka cika tsakar gida, aka ɗora rediyo a kan turmi.

"Wakilinmu ya je har Ruwan Bago," in ji mai gabatarwa, "ya kuma tabbatar maganar guba a abincin dabbobi jita-jita ce. Ga abin da wani dattijon makiyayi ya shaida masa."

Sai muryar Halliru, a natse, tas: "Lafiya lau, sai godiya. Ni ban ga kowa ya zuba komai ba."

Aka saki kiɗa. Yara suka yi ta tsalle, wai Baba ya shiga rediyo. Goggo har da guɗa.

Da gida ya watse, Halliru ya zauna bakin rumbu yana murza yatsun ƙafa.

"Ai dai ban kunyata kowa ba, ko?"

Laure tana kankare ƙwarya, ba ta ɗago ba.

"Ba ka kunyata kowa ba, Malam. Muryarka ma ta fita sosai. Muntaka zai gane ta. Ya san ba ka ƙarya."