Ranar da Injiniya Ya Zubar da Saƙonni

Rodin farko a kan tebur ya sauka, na biyu a kan hannun Injiniya. Bai ji zafin ba sai da ya ga ɗan yatsansa ya kalli wata alƙibla daban.

"Ina ka kai mana intanet?" in ji Mai Walda, wani ƙato da ya hawo benen a guje, wasu iyaye na biye da shi. A ƙasan ofishin 'ya'yansu ke rubuta jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta. Tun hantsi tambayoyi suka daskare, agogo kuwa bai tsaya jiran kowa ba. 'Yar Mai Walda bara ma ta zauna, ba ta dace ba.

"Baba, ka bari in duba..."

Mari ya ƙarasa masa maganar. Ya kife bayan tebur, kunci a siminti, nan ya ga kuskuren da ya tafka.

Aikinsa na yau gwaji ne. Kamfaninsu ya yi sabuwar manhaja, shi kuma ya sa wata 'yar na'ura tana zubar da wasu daga cikin saƙonnin da ke wucewa, da gangan, don a ga ko manhajar za ta jure mugun layi. Ɓarna ce ta cikin gida, kamar magini ya doki bulo ya ji ƙwarinsa. Ƙa'idar ofis, jar waya ta gwaji ce, shuɗiya ta jama'a. Jar tasa ɓera ya ci, ya ari shuɗiya, hannu kuma ya bi launi ya kai ta layin masu jarrabawa. Ga na'urar nan tana ƙyafta masa koriyar fitila.

Tsoro ya kama shi sosai. In ya faɗa, yau sai gawarsa. In ya yi shiru, 'yar Mai Walda ta sake asarar shekara. Ya miƙa hannunsa mai lafiya zai zare wayar a ɓoye, Mai Walda ya take shi da takalmi.

"Kada ka taɓa komai, munafuki."

Sai ya shiga rabon duka a kan duk abin da ke da fitila. Gilashi ya tarwatse, fanka ta karye, 'yar na'urar ta dare gida biyu, layi ya koma tsohuwar hanyarsa.

Daga ƙasa mai sa ido kan jarrabawar ya ƙwalo murya: "Ta dawo!"

Mai Walda ya tsaya yana haki. Ya dubi Injiniya cikin jini, ya dubi rodin da girmamawa.

"Kun dai gani," ya ce wa iyayen. "Jibi ƙanin 'yata zai zauna. Da wannan zan zo tun da safe."